Yadda Ƙasashen Afirka Suka Haɗa Kai Suka Kashe Ciwon Bushiya

A cikin darussan labarin ƙasa da zaman jama'a, wanda ya fi gundurar ɗalibai shi ne na ƙungiyoyin da gwamnatoci ke kafawa tsakaninsu. Dalili kuwa, yawanci sunaye da shekaru kurum ake jerawa, a haddace, a zubar ran jarrabawa. Ɗalibi mai kaifin hankali yakan tambaya, wai shin mene ne amfanin waɗannan ƙungiyoyi ga talaka, ban da taro da jawabi da ɗaukar hoto? Tambaya ce mai kyau, ku ma kuwa za a yi muku ita in kun fita koyarwa. Saboda haka na ga ya kamata in ɗauki ofishi guda ɗaya da aiki guda ɗaya, mu bi su tun daga tushe, ku ga abin da haɗa kai ke iya yi, ku ga kuma inda yakan yi tuntuɓe.

Ofishin da nake nufi shi ne na kula da dabbobi na Tarayyar Afirka, wanda ke zaune a Nairobi ta ƙasar Kenya, ana kiransa IBAR a taƙaice. Aikin kuwa shi ne yaƙi da ciwon shanu da Hausawa ke kira bushiya.

Ciwon da kansa

Yawancinku ba ku taɓa ganin saniya mai bushiya ba, ba kuwa za ku gani ba in Allah ya yarda, don haka bari in kwatanta. Ƙwayar cutar dangin ta ƙyanda ce, amma ba ta kama mutum. Saniya takan fara da zazzaɓi mai zafi, ta daina kiwo, ido da hanci su yi ta zubar da ruwa. Sa'an nan baki ya yi gyambo, yawu ya yi ta dalala, daga nan sai zawo mai wari, wani lokaci har da jini. Cikin mako ɗaya ko biyu ta bushe ta faɗi. In cutar ta shiga garken da bai taɓa saninta ba, tana iya kashe tara cikin goma. Tana kuma kama namun daji, kamar su ɓauna da gadu da raƙumin dawa.

Akwai abu biyu game da halin wannan cuta da nake so ku riƙe, gama duk labarin a kansu ya rataya. Na farko, ƙwayar ba ta daɗewa a waje, rana takan kashe ta, sai dabba ta kusanci dabba a makiyaya ko mashaya ko kasuwa take yaɗuwa. Na biyu, saniyar da ta yi ciwon ta tashi, ko wadda aka yi wa allura mai kyau, ba ta sake kamuwa har ta mutu. Watau ke nan cutar ba ta da wurin ɓuya sai jikin dabbar da ba ta da kariya. In aka hana ta irin wannan dabba ko'ina a lokaci guda, sai ta mutu don kanta.

Babbar annobar ta shigo Afirka a 1887, ta tashar jirgin ruwa ta Masawa a bakin Bahar Maliya, cikin shanun da sojan Italiya suka kawo don abinci. Ta haye ƙasar Habasha, inda mutuwar shanun huɗa ta taimaka wajen jawo yunwar 1888 zuwa 1892, wadda aka ƙiyasta ta ci wajen sulusin mutanen ƙasar. Wani reshe ya yi kudu har ya kai Afirka ta Kudu a 1896. Wani ya yi yamma ta Sudan da Tafkin Chadi, ya share shanun Barno da ƙasar Hausa har zuwa Senegal. Fulani sun sa wa wannan annoba suna Sannu, ina kuwa ganin ba sai an yi wa Bahaushe bayanin dalilin sunan ba.

Kada ku ɗauka asarar Bafillace ce shi kaɗai. In saniya ta mutu, matar da ke tallan nono da man shanu ta rasa abin cefane, yaro ya rasa madara, manomin da ke jiran taki a gonarsa ya rasa, mahauci da majemi da baduku da dillalin kara duk sun zauna. A zamanin En'e kuɗin jangali na cikin manyan hanyoyin shigar kuɗi na baitulmali, kirgi kuma na cikin kayan da ake fitarwa ƙasashen waje. Har yau naman da ake ci a Ikko da Ibadan da Inugu da Fatakwal, mafi yawansa na shanun da suka gangaro daga arewa ne, da yawa ma daga Nijar da Chadi da Kamaru suka fito. Wanda ke zaune a zango ko sabo a kudu ya san haka sarai.

Abin da ya sa ƙasa ɗaya ba ta iya ba

Gwamnatocin mulkin mallaka ba su zauna haka kawai ba. A Nijeriya an kafa ma'aikatar binciken ciwon dabbobi a Vom kusa da Jos a 1924, yaƙi da bushiya kuwa shi ne babban aikinta na farko. Faransawa ma suna da tasu a Dakar, da kuma Farca kusa da Fort Lami, wadda yanzu ake kira Njamena. Kowa yana allura a cikin iyakarsa, cutar takan lafa, amma ba ta ƙarewa.

Ku ɗauki taswira ku duba. Makiyayi yakan yi damina a arewa inda babu ƙudan tsando, in rani ya yi ya gangaro kudu neman ruwa da ciyawa. Burtalin da kakansa ya bi ya girmi iyakar da Turawa suka ja. In Nijeriya ta yi wa shanunta allura bana, Nijar ta ce sai baɗi, Chadi ta ce ba kuɗi, to garke ɗaya mai ciwo da ya ƙetaro ya sha ruwa a Komadugu ya isa ya ɓata aikin shekara. Kowace ƙasa kuwa tana da hujjar yin sanyin jiki, don tana ganin ko ta kashe kuɗinta maƙwabciya za ta sake aiko mata da cutar. Irin wannan matsala, wadda kowa ke jiran ɗan'uwansa ya fara, ita ce ainihin dalilin kafa ƙungiyar gwamnatoci.

An kafa ofishin nan a 1951, a ƙarƙashin wata hukumar haɗa kai kan ayyukan fasaha wadda gwamnatocin da ke mulkin Afirka a lokacin suka kafa a 1950. Da farko aikinsa tattara labarin annobar dabbobi ne da rarraba shi ga ƙasashe. Bayan samun mulkin kai, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wadda aka kafa a 1963, ta karɓe shi a 1965. Yau yana ƙarƙashin Tarayyar Afirka wadda ta gaje ta a 2002.

Yaƙi na farko

A 1961 aka yi taro a Kano, aka shirya gangamin da aka sa wa suna JP15, watau aikin haɗin gwiwa na 15. Aka fara a 1962 da ƙasashe huɗu da ke kewaye da Tafkin Chadi: Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Daga nan aka matsa yamma kashi kashi har bakin teku a Senegal da Murtaniya, sa'an nan aka koma gabas, Sudan da Habasha da Somaliya da Kenya da sauransu. Kafin a rufe aikin a 1976 an shiga ƙasashe 22, an yi wa shanu fiye da miliyan 70 allura. Ƙasashen sun ba da ma'aikata da wani kashi na kuɗi, sauran kuwa ya fito daga ƙasashen Turai da Amurka.

Dabarar ita ce a yi wa kowace saniya allura sau ɗaya a shekara, shekara uku a jere, a ɓangarorin iyaka duka a lokaci guda. Duk wadda aka yi wa sai a huda mata kunne don a gane ta. Mai tambaya zai ce, tun da allura ɗaya ta isa har mutuwa, me ya kawo uku? Dalili na farko, ba a taɓa samun dukan shanu a zagaye guda. Wani makiyayi yana can cikin daji, wani kuwa ya ɓoye rabin garkensa, don a ganinsa duk mai ƙidayar shanu ɗan'uwan mai karɓar jangali ne. Dalili na biyu ya fi ban sha'awa. Ɗan maraƙi yakan sami kariya daga dakashin uwarsa, wannan kariya kuwa takan kashe ƙarfin allurar in an yi masa yana ƙarami, sa'an nan bayan 'yan watanni ta gushe ta bar shi a fili. Sai an dawo baɗi a same shi.

Abin da ya ƙara wa aikin ƙarfi shi ne sabon maganin rigakafi da wani likitan dabbobi Bature, Walter Plowright, ya haɗa a Muguga ta ƙasar Kenya wajen 1960. Magungunan da suka riga shi sukan jijjiga dabba, wani lokaci har su kashe mai rauni, shi ya sa makiyaya ke gudunsu. Nasa kuwa ba ya sa ciwo, ga araha. Aibinsa ɗaya, ba ya jure zafi. Dole a riƙe shi cikin sanyi tun daga inda aka yi shi har bakin ruga, ku kuwa kun san abin da wannan ke nufi a watan Afrilu a arewacin Barno, da firji mai aiki da kananzir a bayan mota.

Aikin ya yi kyau ƙwarai. Cutar ta ɓace daga yawancin ƙasashen, garkuna suka cika, har mutane suka fara mantawa da ita.

Yadda aka yi sake

Nan ne wurin da nake so mu daɗe, gama darasin da ke ciki ya fi na nasarar yawa. Yarjejeniyar ita ce, in gangami ya wuce, kowace ƙasa za ta ci gaba da yi wa maruƙan kowace shekara allura da kuɗinta, ta kuma sa ido ta ba da labari in ciwo ya ɓullo. Amma da masu ba da taimako suka naɗe tabarmarsu, motoci suka lalace ba a gyara ba, firji suka mutu, kasafin ma'aikatun dabbobi ya ragu. Ga fari na shekarun 1970 ya tarwatsa makiyaya, ga yaƙe-yaƙe a wasu ƙasashe. Ministan kuɗi kuma yana da wuya ya saki kuɗi don ciwon da ba wanda ya gani shekara biyar. Wata ƙasa ma ko ta ga ciwon takan yi shiru, don tsoron kada a rufe mata kasuwar shanu.

Ashe cutar ba ta mutu ba. Ta maƙale a wurare biyu da allura ba ta game ba, ɗaya a kan iyakar Mali da Murtaniya, ɗaya a kudancin Sudan da sassan Habasha. Shekara kan shekara ana haifan maruƙa ba a yi musu allura, tsofaffin shanu masu hudajjen kunne suna ƙarewa, har aka wayi gari yawancin garkunan Afirka ba su da kariya. Wajen 1980 cutar ta taso daga yamma, ta kuma taso daga gabas, rassan biyu suka haɗu a Nijeriya. Shekarar 1983 ta yi wa makiyayanmu muni ƙwarai, an kuwa ƙiyasta asarar Nijeriya a wannan annoba ta kai dala biliyan 2. Akwai gidajen da suka bar kiwo tun daga ran nan ba su koma ba.

A ganina kuskuren na tsari ne. An shirya JP15 kamar aikin gina gada, wanda ke da ranar farawa da ranar gamawa, alhali ba a ajiye wata hanya ta tabbatar da cewa cutar ta ƙare ba. Ana ƙidaya yawan allurar da aka yi, ba a ƙidaya yawan shanun da allurar ta kama. Da haɗin kan ya watse, kowace ƙasa ta koma jiran maƙwabciyarta kamar dā.

Yaƙi na biyu

A 1986 ofishin IBAR ya buɗe sabon gangami mai suna PARC, wanda ya game ƙasashe fiye da 30, yawancin kuɗin taimako kuwa daga Turai. Wannan karo an yi gyara a wurare da dama. An kafa ɗakin gwaji a Debre Zeit ta Habasha don a auna ingancin maganin da ma'aikatu dabam dabam ke yi, gama an tarar wani maganin ba shi da ƙarfin da ake zato. An kuma riƙa ɗiban jinin shanu bayan allura ana gwadawa, a ga kashi nawa cikin ɗari suka sami kariya da gaske. Kafin 1990 cutar ta fita daga Afirka ta Yamma.

Gabas ce ta yi wuya, don cutar ta fake a wuraren da yaƙi ko nisa suka hana ma'aikacin gwamnati zuwa. Abu biyu suka buɗe hanya. Wajen 1990 aka gano yadda za a busar da maganin Plowright ya jure wata guda ba firji, har a ɗauke shi a kan raƙumi ko keke ko a ƙafa. Sa'an nan aka yarda a koya wa makiyaya da kansu yin allurar, mutanen da dattawan ruga suka zaɓa. A kudancin Sudan ana tsakiyar yaƙi, da ƙasar Afar ta Habasha, waɗannan makiyaya sun kai allura inda motar gwamnati ba ta taɓa zuwa ba. Likitoci kuma suka koyi zama a kan tabarma su tambayi masu shanu, yaushe kuka ga ciwon, daga ina ya zo, wace hanya garken ya bi. Ta haka aka gano sauran maɓoyan cutar. Ina so ku lura da wannan, ku da za a tura ƙauyuka: mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya san ciwon saniyarsa, saninsa kuwa ya shiga cikin abin da ya ci yaƙin.

Mataki na ƙarshe shi ne ya fi bukatar amana tsakanin ƙasashe, watau a daina allura. In ana ta allura, ba a iya sanin ko cutar na nan a ɓoye, don jinin saniyar da aka yi wa allura da na wadda ta yi ciwo kusan iri ɗaya suke nunawa. Sai an daina, a jira shekaru, a yi ta gwada jinin sababbin maruƙa. Wace ƙasa ce za ta yarda ta bar shanunta ba kariya in ba ta amince maƙwabciyarta na faɗin gaskiya ba? Nan ofishi na tsakani ya yi amfani, tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta buɗe shirin kawar da cutar daga duniya duka a 1994, da kuma hukumar lafiyar dabbobi ta duniya da ke Paris, wadda ke duba shaidar kowace ƙasa kafin ta ba ta takardar kuɓuta. Ciwo na ƙarshe da aka tabbatar an same shi a 2001, cikin ɓaunaye a gandun dajin Meru na Kenya. Aka yi shekara goma ana bincike, sa'an nan a 2011 aka yi shelar bushiya ta ƙare a duniya. Kafin ita cuta ɗaya kaɗai ɗan Adam ya taɓa kawarwa, ita ce agana, a 1980.

To, me ofishin ya yi da hannunsa?

Ofishin Nairobi ba shi da saniya ko ɗaya, ba shi da ɗan sanda, ba ya iya tilasta wa kowace gwamnati. Allurar ma malaman dabbobi na ƙasashe ne da makiyaya suka yi. Abin da ya yi shi ne ya tara shugabannin ma'aikatun dabbobi a ɗaki guda suka yarda da lokaci guda da ma'auni guda, ya nemo kuɗi da sunan nahiya duka inda ƙaramar ƙasa ita kaɗai ba za a saurare ta ba, ya kuma riƙe labarin kowa a inda kowa zai gani. Aiki ne marar armashi, yawancinsa takarda da taro, amma shi ne abin da aka rasa tsakanin 1976 da 1986.

Ba zan ɓoye muku abin da ke damuna ba. Duka gangamin biyu da kuɗin waje suka tsaya, ranar da kuɗin ya yanke a karo na farko kuwa kun ji abin da ya faru. Dukiyar dabbobi tana ciyar da miliyoyin mutanenmu, amma abin da gwamnatocinmu ke ware mata kaɗan ne. Ga shi kuma aiki bai ƙare ba. Akwai wata cuta 'yar'uwar bushiya mai kashe awaki da tumaki, wadda aka fara ganewa a Kwaddibuwa a 1942, ita kuwa dukiyar mata da talakawa take ci. A 2015 aka yi taro a Abijan aka ɗaura niyyar kawar da ita kafin 2030. Ciwon huhu na shanu ma yana nan. A halin da ake ciki kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, alhali shanu da awaki ba su daina ƙetare iyakar Illela da Jibiya da Maigatari ba. Ko yaya siyasa ta kaya, dole malaman dabbobi na ɓangarorin biyu su ci gaba da magana da juna.

In za ku koyar da wannan a aji biyar ko shida na firamare, kada ku fara da sunan ofishi. Ku zana Tafkin Chadi a allo da ƙasashe huɗun nan, ku sa yara su ja hanyar da shanu ke bi rani da damina, sa'an nan ku sa ɗigo ja a garke ɗaya ku tambaye su yadda za a tsare sauran. Da kansu za su ce sai an yi shawara da maƙwabta, daga nan sai ku kawo sunaye da shekaru. In akwai ruga ko kara kusa da makarantarku, ku nemi izinin hedimasta ku gayyato dattijon da ya ga annobar 1983 ya ba yara labari da bakinsa, ku sa su rubuta abin da ya faɗa a littafin aji, da sunan wurin da garkensa yake a shekarar da yawan shanun da suka rage masa.